Malama Ta Ce Bi Ta Wancan

Duk wanda ya taɓa shiga motar Kawu Haladu ya san ba a tashi sai an gaisa. Ba da fasinja ba, da ɗan allon nan na taswira da ke gaban motar. Zai zauna, ya tattare babbar riga, ya yi bisimilla, ya murɗa makulli. Allon na kawo haske sai ka ji ya ce, "Malama, ina kwana? Ya baƙunta? Ya kewar gida?" Ranar da na fara ji na ɗauka waya yake yi. Da na gane da mota yake magana, wallahi sai da na riƙe baki.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma shagon waya gare ni a Makarfi, shi ya sa duk rigimar nan a kaina ta ƙare. Asalinta kuwa ba abin dariya ba ne. Kawu ya tsufa yana dillancin rake, babu lungun da bai sani ba tsakanin Ikara da Kudan, sai ga shi hanya ta fara kwance masa. Wata ranar kasuwa ya taso daga Ikara zai dawo gida, wani direba ya ci karo da shi ya ba Makarfi baya yana ta sharara gudu, hankalinsa kwance. Babbar 'yarsa, Anti Hajara, ta tara mu ta yanke hukunci: ko dai ya yarda na'ura ta riƙa nuna masa hanya, ko ya ajiye makulli. In kuma ya sake ɓata, to tuƙi ya ƙare. Kawu kuwa da a karɓe masa makullin nan gara a hana shi tuwo.

Ni na ba shi waya daga shagona, na sa masa taswira a ciki, na koya masa ya danna ya faɗi sunan garin da za shi. Gwajin farko ta'aziyya ce a Taba, can ƙasar Kudan. Ya ɗauki Liman da ladanin unguwarmu, ya kai waya bakinsa ya ce, "Taba." Ta ce dama ya yi dama, ta ce hagu ya yi hagu. Liman ya ɗauka sabuwar hanya aka yi, ladan kuwa ba ya magana a gaban Liman. Haka suka yi ta tafiya har cikin Zariya, waya ta tsayar da su a bakin tasha, gaban teburin wani mai sigari, ta ce sun iso. Mai tebur ya leƙo ta taga, ya ga rawani, ya gaishe su da ladabi, ya tambaya kara za a ba su ko kwali.

Da yamma Kawu ya dire mini wayar a kan kanta.

"Ungo 'yar banzar wayarka. Shekara nawa ina ɗaukar Liman, ban taɓa kai shi shan taba ba sai yau."

Anti Hajara ta ce wannan ba za a ƙirga shi ɓata ba, laifin wayata ne. Ni na sha faɗan, kamar ni na raɗa wa garin suna.

Ba a jima ba sai ga Kawu ya sauya mota. Ya kawo wata 'yar Kwatano mai taswirarta a jiki, har da muryar mace a ciki, ita ce Malama. Na shiga in duba. Allon fari fat, babu titi babu gari, sai wata kibiya ita kaɗai tana yawo kamar tunkiyar da ta rabu da garke. Na matsa can na matsa nan, sai ga sunayen garuruwan da ko karanta su ban iya ba. Na ce masa wannan fa taswirar Jamus ce, babu Makarfi a cikinta, babu ma Najeriya gaba ɗaya.

"Madalla," in ji Kawu. "Ka ga ke nan ba ta san teburin mai taba ba."

Daga nan ya zaunar da ni ya yi mini karatu. Wai Malama 'yar gida ce, tare aka haife ta da motar. Wayata kuwa 'yar haya ce, sai an ba ta caji, an ba ta data, kuma da an fita gari ta suma. Ana tsaka da nuna hanya wani ya kira, ta bar ka a mararraba ta tafi gaisawa. Babbar hujjarsa ita ce Malama tana jin Hausa. Gaskiya ne lokaci-lokaci takan yi wata doguwar magana da yarensu, ta ƙarasa da wani abu mai kama da "bi ta wandan". Kawu ya rantse "bi ta wancan" take cewa, harshenta ne bai gama faɗawa ba. Na tambaye shi wane wancan ɗin, tunda ba ta da yatsan nunawa. Ya dube ni da tausayi ya ce wanda ba wannan ba.

Anti Hajara ba ta yarda ba, ta ce sai ta gani da idonta. Aka samu suna a Furana tsakiyar damina, ta zauna a gaba, ni ina baya da wayata a matsayin alƙali. Muna barin kwalta wayar ta ɗauke, ta bar ni da allo yana juyi, Kawu yana kallona ta madubi yana murmushi. Muka iso inda hanya ta rabu biyu. Na ga ya rage gudu, idonsa yana kai-kawo, na san bai gane wurin ba. Tausayinsa ya kama ni sosai. Can Malama ta yi maganarta, ya ce to, ya karya kan mota. Ba mu yi nisa ba muka tsinci kanmu a tsakiyar gonar rake, ganye yana marin gilashi ta ko'ina.

Anti Hajara ta miƙa hannu. Makulli take jira.

Kawu bai ko dubi hannun ba. Ya sauke gilashi ya yi wa mai gonar sallama, suka gaisa tun daga iyali har ruwan bana, sannan ya ce, "Furana za mu. Malama ta ce mu bi ta wancan. Kai me ka gani?" Mutumin ya leƙo, ya rusuna ya gaida Malama shi ma, ya ce ai ba za a ƙaryata baƙuwa ba, amma bari ya hau babur ya raka mu ta wancan ɗin. Muka isa an riga an watse, ko ƙashin rago ba mu samu ba.

"Baba, ɓata fa ka yi," in ji Anti Hajara.

"Wanda ya ɓata ba ya isowa. Shaida na biyu na nema, shari'a ma ba ta karɓar mutum ɗaya."

Ta janye hannunta. Makulli ya koma aljihu.

Labarin ya bazu, sai ya zama al'ada. Daga Nasarawan Doya har Kudan, duk wanda Kawu ya tsaya ya ce masa "Malama ta ce", ya san abin yi. Masu acaba su shiga gaba, masu rake su nuna da lauje, kuma ban taɓa jin wanda ya ce masa ya ɓata ba. Haka ya yi ta tuƙinsa har ciwon ajali ya kwantar da shi. Da aka zo yi masa wanka, a aljihun rigarsa aka samu makullin.

Ni na tuƙa motar zuwa maƙabarta da dattawan unguwa. Da aka gama na sauke su a masallaci, na rage ni kaɗai zan kai ta gida, sai Malama ta yi maganar nan tata. Duk tsawon rigimarmu ban taɓa tunanin in bincika ba sai ranar. Na tsaya a gefen hanya, na buɗe manhajar fassara a wayata, na jira ta sake faɗa. Rubutu ya fito: "In da hali, don Allah ka juyo."

Innalillahi. Ashe ba ta taɓa nuna masa hanya ba ko sau ɗaya. Baiwar Allah gida take nema, kullum roƙonsa take yi ya juya, shi kuwa yana amsa mata da to yana ƙara gaba. Na fara dariya, ta sake faɗa, sai dariyar ta ɗauke. Na kashe motar na kifa kai a sitiyari na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Malama, wannan karon babu hali. Allah ya jiƙan Kawu Haladu, ya haskaka kabarinsa, ya haɗa shi da masu rakiya na gari kamar yadda ya samu a nan, ya kai shi gida ba tare da ya tambayi kowa hanya ba. Amin.