Incin da Orval Ya Ƙara

Shekara talatin da huɗu Orval Tackett ya yi yana kula da filin besbol, wasan nan na Amurka da ɗaya ke jefo ƙwallo ɗaya ya buge ta da sanda, na garin Cutler Ferry a jihar Tennessee, kuma duk tsawon shekarun nan ba a taɓa kama shi yana kallon wasa ba. Ƙasa yake kallo. Mutum dubu uku su miƙe suna ihu an buga ƙwallo ta haye katanga, shi kuwa yana tsugune a bakin fili yana hararar wani ɗan wasa da ya ja ƙafa ya tone masa ciyawa. Ubansa ne ya riƙe aikin kafin shi, ya mutu ya bar masa manjagara uku, da igiyar awo, da baƙin rai.

Ƙungiyar garin ƙarama ce, irin wadda manyan ƙungiyoyi ke ajiye samarinsu a ciki su goge kafin a kira su babbar gasa. Yawancinsu ba a kiransu. Su yi shekara biyu uku suna barci a kujerar bas, su koma gida sayar da tsofaffin motoci. Orval ya ga ɗaruruwansu, bai riƙe sunan ko goma ba. Shi da matarsa Glenda Allah bai ba su haihuwa ba, kuma ba zancen da ake tayarwa a gidan ba ne.

A watan Afrilu na shekarar da nake ba ku labari aka turo Truitt Ledbetter, mai jifa, ɗan shekara ashirin da ɗaya, dogo sambal kamar turken lantarki. Jaridu sun cika gari da cewa duk ƙasar babu saurayi mai hannunsa. Wannan bai dami Orval ba, ya sha jin irinta. Amma ranar farko yaron nan ya zagaye ciyawa maimakon ya ratsa ta, da ya gama atisaye kuma ya durƙusa ya cike ramin da ƙafarsa ta haƙa a kan tudun jifa, da hannunsa, ya ce na gode Mista Orval. Shi ke nan, an gama da tsoho. Ya koma gida ya ce wa Glenda ta ƙara wake a tukunya ran Lahadi, yaron zai zo cin abinci.

To, tudun da mai jifa ke tsayawa a kai inci goma ne, haka dokar take ko'ina. In ya ɗara haka, mai jifan kuma dogo ne, ƙwallo sai ta riƙa sauko wa mai bugu kamar daga kan rufi ake jefo ta. Kowane mai kula da fili yana da 'yar dabararsa. Wani ya jiƙa ƙasa don ya kashe gudun baƙi, wani ya bar ciyawa ta yi tsawo. Su dai ba su kiran wannan cuta, sanin aiki suke ce masa. Orval bai taɓa taɓa tudu ba. Amma da ƙungiya ta tafi wasannin waje na mako guda, sai ya tone farar robar da mai jifa ke takawa a saman tudun, ya zuba yumɓu, ya daɓe, ya mayar da ita. Inci ɗaya tak. Alƙalan wasa ba sa awo sai wani ya kai ƙara, kuma wa zai kai ƙarar Orval? Masu jifan baƙi ma a kan tudun suke tsayawa, amma babu mai tsawon Truitt a cikinsu, ƙarin bai amfane su da abin a zo a gani ba.

Daga nan a gida ba mai iya taɓa ƙwallon Truitt. Ƙarti su zo da sanda, su kai duka uku a iska, su koma su zauna suna duba sandar kamar ita ce mai laifi. A filayen waje kuwa mai kyau ne dai, ba laifi. Masana suka ce katifun otal ne ba su karɓe shi ba. Shi Truitt cewa ya yi burodin masarar Glenda ne. Orval na ji, sai ya ce a miƙo masa gishiri.

Ranar wata Alhamis a watan Agusta Koci Mancuso ya kira Truitt ofis. Al'ada ce, ba a faɗa wa yaro irin wannan albishir kai tsaye, sai an fara tsinka masa gaba. Ya ɗaure fuska ya ce an gaji da halinsa, ya tattara komatsansa ya bar garin yau ɗin nan. Sai da yaro ya juya zai fita sannan ya ƙarasa cewa ran Lahadi shi zai yi jifa a babbar gasa. Ɗakin 'yan wasa ya kaure, aka juye masa bokitin ƙanƙara a ka. Orval yana bayan bango yana naɗe tiyo, ya ji komai. Ya san a babbar gasa da na'ura ake auna tudu, inci goma ne ko gashi ba ya ɗarawa, yaron kuma wata huɗu jikinsa na koyon jifa daga sha ɗaya.

Orval ya bi shi har mota da burodin masara a ƙunshe. Ya shirya maganar tsaf. Ya gaya wa kansa cewa ba a sa wa mai jifa tunani a ka ana dab da wasa, kuma gaskiya ne ba a yi. Amma ainihin abin, tsoro ya ji. Yana son yaron nan, ba ya son ganin yadda fuskarsa za ta canza. Truitt ya rungume shi har hularsa ta faɗi.

"Ka riƙa shan ruwa, ɗana," in ji Orval.

Ran Lahadi da rana ya zauna a rumfar kayan aiki da rediyo. Mai sharhi ya yi ta cewa ƙwallon yaron tana zuwa a sama, a miƙe, daidai inda masu bugu ke so. Kafin a gama zagaye na uku an ci shi shida, aka cire shi. Wasa na biyu ya fi na farko muni. Kwana goma sha biyu aka dawo da shi Cutler Ferry, jaridun da suka ɗaga shi suna tambayar ko dama can zuzuta shi aka yi.

Glenda ce ta fara ji, don mutum ba ya ƙin cin wakenta kwana goma ta ƙyale shi. Ta saurara har ƙarshe tana goge kwano. Ta ce ko ya faɗa masa, ko ita ta faɗa, kuma ita ba za ta tausasa ba.

Washegari da safe Orval ya tarar da Truitt a kan tudun, da silifa, hannu a aljihu. Yaron ya rame. Ya ce abin da ke ba shi mamaki, nan in ya tsaya sai ya ji daidai, can kuwa kamar a cikin rami yake. Ya yi ta tunani, ya ga ba wani abu ba ne, shi ne matsoraci, taro ya firgita shi. Wataƙila gara ya bar wasa, ya kira wani kawunsa mai gareji ya ba shi aiki.

Orval ya ajiye tiyo. Ya faɗa masa duka, da ranar, da yawan yumɓun, idonsa na kan silifar yaron.

Truitt bai yi faɗa ba, da ya yi da ya fi sauƙi. Ya sauko daga tudun a hankali ya tsaya yana kallonsa.

"Tun yaushe ka ce?"

"Tun Afrilu."

"Ke nan duk abin da na yi a nan, Mista Orval, ba ni ba ne?"

Orval ya so ya ce kai ne mana, ya rantse masa ma. Ya buɗe baki. Amma ƙarya ɗaya ta riga ta ishe su.

"Ban sani ba, ɗana," ya ce. "Yanzu ba wanda ya sani."

Truitt ya gyaɗa kai, ya juya ya tafi. Orval ya tsaya ruwan tiyo na malala a ƙafarsa, har sai da ya ji an rufe ƙofar ɗakin 'yan wasa, sannan ya je ya ɗauko shebur, ya nufi tudun don ya cire incin da ya ƙara.