Bawana Bazazzagi da Bindigar Iska

A shekarata ta uku a Alƙahira na fara zuwa harbi, kuma ba don na taɓa sha'awar bindiga ba. Karatu ne ya kawo ni, amma bayan la'asar nakan yi wa wani likita Bamisire tafinta a asibitinsa da ke unguwar Muhandisin, saboda mutanenmu masu zuwa neman magani. Wata Juma'a ya ce in raka shi kulob. Na ɗauka shayi za mu sha mu kalli masu wasan ƙwallo, sai ga mu a wani dogon ɗaki mai sanyi, mutane sun jeru kowa da bindiga a kafaɗa, babu mai cewa uffan. Bindigar iska ce, ba ruwanta da albarushi. Harsashinta ɗan dalma ne da bai wuce ƙwayar dawa ba, abin da ake harbi kuwa takarda ce mai baƙin ɗigo a tsakiya, a nisan mita goma. Na harba goma, uku suka sami takardar, sauran Allah kaɗai ya san inda suka nufa. Duk da haka tun daga ranar abin ya shiga raina.

Abokin zamana a ɗaki Bazazzagi ne, daga wani ƙauye can yamma da Zariya, inda daji ya fi gari yawa. Ni kuwa Bakano ne, haihuwar cikin ganuwa. Kowa ya san tsakanin Bakano da Bazazzagi babu gaisuwar arziki, kowa bawan kowa ne. Ina buɗe ido da safe zan ce, "Bawana, ka ɗora shayin?" Shi kuma ya ce, "Yaushe aka fara ubangida yana yi wa bawa girki?" Haka muka zauna shekara biyu ko saɓani ba mu taɓa yi ba.

Shi ba irina ba ne da na zo karatu ina ta leƙe-leƙe. Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami, mutanen garinsu ne suka tsaya masa har ya sami gurbin karatu a Masar, suka kuma gina azuzuwa biyu na Islamiyya suna jiran ya gama ya koma ya riƙe. Kullum zancensa ke nan: komawa gida, makarantar nan, da Innarsa, wadda ba ta da wani ɗa namiji sai shi.

Abin da ya ja hankalina hannunsa ne. Mutum ne da zai zura zare a allura a cikin motar haya tana tsalle a kan titi. Ya taɓa ba ni labarin yadda yake tsaron dawa da danƙo yana yaro, tsuntsu ko a saman zangarniya yake sai ya sauko da shi. Sai na ce a raina, wannan ai asara ce a bar hannun nan yana juya shafin littafi kawai.

Da ƙyar na ja shi kulob ɗin, da sunan kallo kawai zai yi. Mai koyarwar, wanda kowa ke kira Kaftin, wani dattijo ne mai furfura da ba ya yabon kowa. Ya dubi abokina ya miƙa masa bindiga, ya nuna masa yadda ake tsayuwa da yadda ake taɓa kunama a hankali ba tare da an fizga ba. Abokina ya harba biyar, biyar ɗin duk suka shige baƙin. Kaftin ya ciro takardar ya ɗaga ta sama yana dubawa, sannan ya juyo gare ni ya ce, "Ina ka ɓoye wannan duk tsawon lokacin nan?"

A jirgin ƙasa muna komawa na ga fuskar abokina. Ya ji daɗi, wannan ko a gaban wa zan faɗa. Yana ta murza takardar a hannu yana murmushi shi kaɗai. Da wannan murmushin na daɗe ina yi wa kaina uzuri.

Amma da na ce ya yi rajista, sai ya ce a'a. Na matsa, ya ce sai ya yi shawara. Na ƙara matsawa, rannan muna cin wake da burodi a bakin titi ya ajiye lomarsa ya yi mini bayani filla-filla.

"Kai ɗan birni ne, ba za ka gane ba," in ji shi. "A wurinmu babu wani abu wai shi harbin wasa. In aka ce wane ya iya bindiga, to ɗayan biyu ne: ko yana tare da mutanen daji, ko yana shirin yaƙarsu. Kuma ko wanne aka ɗauke ka, ba ka kwana lafiya ba. Garinmu a hannunsu yake, ko gona ba a zuwa sai da izininsu. Ni so nake in koma gida da littattafaina, kowa ya san malamin makaranta ne ya dawo."

Magana ce mai hankali, tsaf. Ni kuwa da bakina na ce masa wannan tsoron ƙauye ne. Na ce ina Alƙahira ina dajin garinku? Na ce bindigar da ko tantabara sai ta ga dama take kashewa? Na jawo masa abin da muka karanta a aji na kwaɗaitarwar da addini ya yi a kan koyon harbi da iyo da hawan doki, na ce shi da yake shehi guda ai bai kamata in tuna masa ba. Na ce baiwa ce Allah ya ba shi, kuma za a tambaye shi a kanta. Wallahi har wannan na faɗa. Ina da baki, kuma in na sa abu a gaba ba na sakinsa. Kusan wata uku ina binsa, safe da yamma, yalla mu je, yalla ka ƙara gwadawa sau ɗaya tak. Har Kaftin na sa ya riƙa aiko masa da gaisuwa.

Ranar da abokina ya amince, sharaɗi biyu ya kafa. Ya ce babu hoto, kuma kada wani daga gida ya ji. Na ce, "Khalas, an gama." Ya ce a'a, in rantse. Na rantse da Allah.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi daɗi a zamana na Masar, shi ya sa tuna su yake mini ciwo. Talata da Juma'a muna can. Kaftin ya ara masa rigar harbi, wata mai kauri da tauri wadda ke riƙe jiki kada ya yi rawa, da wani tabarau mai rufe ido ɗaya. Ya koya masa ya ja numfashi, ya saki rabi, ya tsaya cak, sannan ya taɓa kunama. Mutumin da kullum yake cikin tunanin gida, in ya tsaya a layin nan sai ka ga kafaɗunsa sun sauka. Ya taɓa ce mini bayan salla babu inda zuciyarsa ke natsuwa irin wurin. In mun fito mukan taka da ƙafa mu haye gada zuwa Zamalik, mu sayi ruwan rake, ina ce masa duk ƙwarewarsa dai bawana ne, yana ce mini Bakano in ba ciniki ba babu abin da ya iya saitawa.

Sai aka shirya wata 'yar gasa ta cikin gida, tsakanin 'yan kulob ɗin kawai. A lokacin saura 'yan watanni ya gama karatu. Abokina ya kayar da samarin da tun suna yara suke harbi a wurin. Ni da nake bayan layi ji na yi kamar ni na ci. Yana tsaye da rigar nan da tabarau, bindiga a kafaɗa, kafin ya sauke ta na ciro waya na ɗauke shi hoto. Ban manta da rantsuwata ba, kada in yi ƙarya. Cewa na yi a raina ai nawa ne ni kaɗai.

Kafin mu kai gida na ɗora hoton a sitatus. Kuma saboda bakin nan nawa na Bakano ba ya iya yabon Bazazzagi kai-tsaye, sai na rubuta a ƙasa: "Bawana Bazazzagi ya gama karatu, ya zama ƙwararren ɗan bindiga a Masar. Mutanen daji ku shirya, yana nan tafe."

Duk ɗalibin da ya gani dariya ya yi, domin sun san mu, sun san wasan. Bayan kamar awa biyu shi ma ya gani. Bai ɗaga murya ba, ya dai miƙo mini wayarsa ya ce, "Ka rantse fa." Nan take na goge, ina ce masa ma'alish, ya yi haƙuri, ai 'yan uwanmu na nan ne kawai suka gani. Ashe wani ya riga ya kwafe ya tura zauren ɗalibai na waya, daga can wani ɗan yankinsu ya tura gida don alfahari, wai ga ɗansu ya ciri tuta.

Kwana takwas bayan nan, mun idar da azahar ke nan, baffansa ya kira shi. Ina zaune ina jin muryar dattijon tana fitowa daga wayar. Ya ce mutanen daji sun aiko an kira mai gari, sun nuna masa hoton a wayarsu, sun karanta masa abin da aka rubuta. Sun ce ashe kuɗin da gari ya tara ba na karatu ba ne, horon yaƙi aka tura yaro. A hoton kuwa babu mai cewa bindigar iska ce. Doguwa ce baƙa, ga riga kamar ta soja, ga ido ɗaya a rufe. Baffan ya ce an sha rantse-rantse kafin su bar mai gari ya dawo. Sannan ya ce, "Kada ka zo. Ko ka gama, kada ka zo, sai na ce maka ka zo."

Na karɓi wayar. Na ce, "Baba, ni ne na rubuta. Ni Bakano ne, wasa ne irin namu da su. Bindigar ma ta wasa ce, takarda ake harbi da ita."

Sai ya ce, "Ɗan nan, ni na san wasan Bakano da Bazazzagi tun ba a haifi ubanka ba. Waɗanda suka ga hoton ne ba su san shi ba."

Na so a ce abokina ya zage ni, ko ya shaƙe ni. Da ya yi haka da na sami sauƙi. Bai yi ba. Ya ninke sallayarsa ya ajiye, ya ɗauki littafi ya buɗe, na san kuma ba karantawa yake ba. Washegari da safe bakina ya suɓuce na ce, "Bawana," sai na kasa ƙarasawa. Shi ma bai ɗago ba. Ban sake kiransa da sunan ba har yau.

Ya gama karatu da sakamako mai kyau, amma bai tafi ba. Azuzuwan nan biyu aka ba wani. Ya mayar wa Kaftin riga da tabarau, dattijon ya yi ta tambayata me ya faru, na rasa ta inda zan fara yi wa Bamisire bayanin cewa kalma biyu da na rubuta da Hausa ne suka jawo. Daga baya ya tashi daga ɗakinmu ya koma unguwar Ma'adi, inda yake bi gida-gida yana koya wa 'ya'yan baƙi karatun Alƙur'ani. Bai yanke ni ba. In na kira yana ɗauka, in na yi rashin lafiya yana zuwa. Na nemi gafararsa ya fi a ƙirga, kullum amsarsa ɗaya ce, ya wuce, haka Allah ya rubuta. Ni kuwa na san wanda ya rubuta abin da ke ƙasan hoton.

Yau shekara huɗu ke nan. Ni na je Kano sau uku na dawo, na ci tuwon gidanmu, na yi aure. Shi bai taka ƙasar ba. Duk shekara baffa yakan ce a ƙara haƙuri, waɗancan mutanen ba su manta ba, har yanzu in sun shigo gari sukan tambayi ina sojan Masar.

Babbar sallar da ta wuce na hau jirgin ƙasa na kai masa nama Ma'adi. Na same shi da hantsi yana waya da Innarsa, ta bidiyo, wani ɗan uwansu ya riƙe mata wayar a inda ake samun sabis. Na yi niyyar in ajiye naman in fice, sai na ji ta ce, "Wa ya shigo?" Ya faɗa mata. Ta ce a ba ni.

Ban taɓa ganin fuskarta ba sai ranar. 'Yar tsohuwa ce siririya, tana matso da ido kusa da wayar saboda ganinta ya yi rauni. Na durƙusa a tsakar ɗakin kamar tana gabana na gaishe ta.

"Kai ne Bakanon nasa?" ta ce. "Kullum sai ya yi mini zancenka. Ya ce tun da wani mara tsoron Allah ya yi masa wannan sharrin na hoto, kai ne ka tsaya masa a can, ba ka bar shi ya yi maraici ba. Ni dai ban san ko zan sake ganinsa da idona ba, ga shi idon ma yana tafiya. Na bar maka amanarsa. Allah ya yi maka albarka, ɗan nan, Allah ya ba ka masu yi maka yadda ka yi masa."

Na waiga na dubi abokina. Ya sunkuyar da kai yana kwance ledar naman. Ita kuma tana can tana jira in ce amin.