Kitson Sista Rifkatu

Kafin masu aiki a Abuja su gama kokawar shiga mota a tashar Suleja, Sista Rifkatu ta riga ta sauka daga acaɓa a ƙofar asibiti, ta ɗora tukunyar ruwa a kan risho. Ruwan ba na shayi ba ne. Na masu amosanin gaɓɓai ne, waɗanda yatsunsu ke kwana a sandare, su tsoma hannu a ciki kafin likita ya zo. Daga nan sai ta ja benci zuwa inuwar dalbejiya, saboda matan da ke fama da ciwon da likitoci ke kira lufus, wanda zafin rana ke tayarwa. Tsofaffi masu ciwon gwiwa kuwa ba ta yarda a ba su kujera 'yar tsuguno, don zaman ba wuya, tashin ne aiki. Haka take yi kullum, ba wanda ya sa ta, kuma ba kowa ke tunawa ya ce mata sannu ba. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, shi ya sa na ce gara a faɗa tun tana ji.

A shekarar 1993 ne wani likita mai suna Nuraddeen ya zo Suleja daga Zariya da aikin bincike. So yake ya gano, cikin magunguna biyu na amosanin gaɓɓai, wanne ya fi yi wa mutanenmu aiki. Aka yi wa marasa lafiya bayani, wanda ya yarda ya shiga, wanda bai yarda ba aka ci gaba da duba shi yadda aka saba. Rifkatu, 'yar Sabon Wuse mai jin Hausa da Gwari da Turancin buroka, ita aka ba shi ta taimaka masa.

To, mu dai muna da wani hali. Mutum zai shigo ana riƙe da shi hagu da dama, ka ce masa yaya jiki, ya ce da sauƙi. Tarbiyya ce, kuma godiya ce ga Allah, ba mai musun wannan. Amma ga mai bincike masifa ce. Masu shan maganin farko suka ce da sauƙi, masu shan na biyu suka ce da sauƙi, har wanda ya manta bai sha ba shi ma da sauƙi. Likita ya riƙe kai yana dariya, ya ce ba ya ganin laifin kowa, don shi ma ranar da zazzaɓi ya kayar da shi abin da ya gaya wa mahaifiyarsa ke nan. Ya ce da Sista su nemi wata hanya.

Sai ta daina tambayar jiki. Dattijo ya zo, ta tambaye shi a tsaye ya yi Asuba ko a zaune. Tsohuwa ta zo, ta miƙa mata buta cike da ruwa ta ce ta riƙe mata, tana kallon hannun ta wutsiyar ido. Da yawa ta haka aka kama gaskiyarsu. Amma akwai wadda ta gagari wannan dabara.

Mairama mai kitso ce a Kurmin Sarki, kuma duk macen da ta taɓa zama a gabanta ta san hannunta. Idan ta yi miki shuku, kwana biyu ba kya iya sunkuyawa, amma zai kai ki wata bai tashi ba. Ciwon ya kama ta a yatsu, wato a inda abincinta yake. Likita ya gaya mata ba ɓoye-ɓoye cewa gaɓar da ta riga ta karkace ba ta dawowa, don haka in magani bai karɓe ta ba ta faɗa da wuri a canza. Ta ce to. Duk ranar zuwa asibiti sai ta gasa hannunta tun a gida, ta shafa man zafi, ta zo ta ɗaga buta tana murmushi. Likita ya tambaya, ta ce ai sauƙi sai godiya. A ganinta, mutum ya taso tun daga Zariya don ya taimake ki, ki dube shi ki ce maganinsa bai yi ba, wannan butulci ne.

Rifkatu ba ta yarda da murmushin nan ba. Wata Asabar sai ga ta a gidan Mairama da kai a tsefe, ta zauna a tabarma ta ce a yi mata kitso. Tun daga tsagar farko ta ji abin da ta zo ji. Kibiya na rawa a kanta. Hannun da mata ke yi wa kuka, yau ko ja babu, kuma kowane layi sai an tsaya an huta, wai ana neman mataji. Amma ta san ciwon yakan tashi ya lafa, zama ɗaya ba ya isa a yanke magana. Ta koma, ta sake komawa.

Mutanen asibiti shaida ne. Hular ma'aikatan jinya ba ta rufe komai, ga kitso nan a karkace, kwana uku ya tashi kamar sheƙar kaza. Abokiyar aikinta Bose ta yi ta tsokanarta, tana cewa ko a duhu ake yi mata. Wata ma ta ja ta gefe ta ce za ta kai ta wurin mai kitson kirki a Gauraka. Rifkatu ta yi dariya ta ce ita wannan take so. Ba ta taɓa faɗin sunan mai hannun ba, don ta san ranar da aka ji, ranar Mairama za ta rasa sauran masu zuwa.

Kitson kuwa kullum ƙara lalacewa yake. Ranar da Rifkatu ta ji ɗigon hawayen Mairama ya sauka a wuyanta, sai ta juyo ta kama hannayen nan biyu, ta ce gobe za ta gaya wa likita maganin bai yi ba. Mairama ta roƙe ta, ta haɗa ta da Allah, ta ce kada ta kunyata ta a gaban bawan Allah. Da ta ga roƙo bai ci ba, sai ta janye hannunta.

"Ashe ba kitso ke kawo ki ba, Sista," in ji ta. "Leƙen asiri kike zuwa yi."

"Kitso ke kawo ni, Yaya Mairama," in ji Rifkatu. "So nake baɗi ma in zo in same ki kina yi."

Ta tashi da rabin kai a kitse, rabi a tsefe, ta ɗaura ɗankwali ta tafi. Washegari ta faɗa. Likita ya sake aunawa, ya ga haka ne, ya canza magani, ya kuma yi wa Mairama godiya, ya ce mata sanin inda magani bai yi ba shi ne rabin abin da ya zo nema. Wannan bai hana ta fushi ba. Watanni ta yi tana zuwa asibiti, ta gaida kowa har mai gadi, ta wuce Rifkatu kamar ba ta gan ta ba. Abin ya yi wa Sista ciwo ƙwarai, ta faɗa da bakinta. Amma ruwan ɗumin Mairama bai taɓa yin sanyi ba.

Ke ce kika zaɓi a yi fushi da ke, Sista, da a ce miki na gode hannu yana lalacewa. Ke ce kika yi yawo a garin nan da kan da ake yi wa dariya, kina rufa wa wata asiri da shi. An kammala binciken, likita ya koma Zariya, kuma ban sani ba ko sunanki ya fito a wani wuri. Mu dai a nan mun sani. Mun gode, Allah Ya saka miki, Ya ba ki hutu mai daɗi. 'Yan baya kuma da za su karɓi wannan aiki, idan mara lafiya ya ce muku da sauƙi, ku amsa masa da Allah Ya ƙara, sannan ku dubi hannunsa.

Mairama ba ta warke ba, wannan ciwo ba a rabuwa da shi. Ƙaramin yatsanta na dama ya karkace, kuma haka zai zauna. Sauran tara suna aiki. Makon jiya, da ta ji za a yi wa Sista walimar ajiye aiki, ita da kanta ta aika a kira ta, ta ce akwai rabin kai da ta bari tun shekarun baya. Rifkatu ta zauna a tabarmar nan. Kafin a kai tsakiya idonta ya cika da ƙwalla, girarta ta ɗage sama, ta kasa ko juya wuya.

Da aka gama, Mairama ta leƙo fuskarta ta ce, "Yaya kan, Sista?"

"Wallahi da zafi, Yaya Mairama."

"To, alhamdu lillahi," in ji Mairama, ta mayar da kibiyarta cikin gwangwani.