Baba Rwang na Gada Biyu da Kaskon Hajiya Jummare

Kafin masu ƙosai su hura wuta a Gada Biyu, Baba Rwang Dachung ya riga ya buɗe garejinsa. Yakan zo cikin tsohuwar rigar sanyi, ya share ƙasa, ya jera sifanoninsa a kan buhu, sannan ya rungumi kofin shayi yana jiran rana ta ɗan gasa masa yatsu. Ba ya taɓa mota da hannu a sandare. Ba kuma mai daɗin baki ba ne, kada in yi masa ƙarya don ina yabonsa. In ka kawo mota baƙin man injinta ya koma kwalta, sai ya tambaye ka ko haka kake ciyar da iyalinka. A watan jiya ya rufe garejin, ya koma gidansa a Kabong. Ƙungiyar kanikawan layin ko kaza ba ta yanka masa ba. Abin da ya sa nake wannan rubutu ke nan, kuma ba da sanyin rai nake yinsa ba.

Aikinsa gyaran turbo. Ga wanda bai sani ba, turbo wata 'yar fanka ce da hayaƙin salansa ke juyawa, ita kuma ta riƙa ɗura wa inji iska da ƙarfi, har ƙaramin inji ya ja kamar babba. Mu da ke zaune a kan tsauni, inda iska ba ta da kauri, mun fi kowa buƙatar wannan ɗuri. Amma je ka gareji goma a Jos, tara za su ce maka, "Turbo ba na ƙasarmu ba ne. A cire, a toshe, a huta." Wa ya faɗa? Wa ya gwada? Babu. Oga ya gaya wa yaronsa, yaro ya zama oga ya gaya wa nasa, har magana ta zama kamar aya. Lafiyayyun motoci nawa aka gurgunta a garin nan saboda ƙiwar bincike!

Rwang bai taɓa cire turbo mai rai ba. Kunnensa ne makaminsa. Yakan sa a taka totur, ya rufe ido ya karkata kai, ya nuna da yatsa: "Nan take shan iska." Kuma nan ɗin ne. To, shekara da shekaru na ƙarar janareta da dukan ƙarfe sun cinye masa ji. Da farko ya riƙa juyo wa mutane kunnen dama. Daga baya na daman ma ya bi ɗan'uwansa.

A daminar bara aka turo masa jar motar Alhaji Ɗanbaba, dillalin shanu na Daɗin Kowa. 'Yar ƙarama ce mai ƙofa biyu, irin ta tsere, wadda Alhaji ya saya tun gashinsa na baƙi, kuma tun lokacin hannun Rwang kaɗai ta sani. Alhaji ya sauko rai a ɓace.

"Oga Rwang, a Hawan Kibo tirela ta wuce ni. Tirela da kaya! Yaron motar har da ɗaga mini hannu."

"Ka ce me?"

"Na ce TIRELA!"

"To ai ba sai ka tara mini jama'a ba, Alhaji. Ba ni makulli."

Allurar da ke nuna ƙarfin iskar turbo ko rabi ba ta kaiwa. Rwang ya bi abin daki-daki yadda ya saba. Matatar iska fes take. Ya sa yatsa ya girgiza fankar, ba ta lilo, ba ta jiƙe da mai ba. 'Yar ƙofar da ke sakin hayaƙi in ya yi yawa tana rufuwa ruf. Salansa bai toshe ba. Saura abu ɗaya: turbo na ɗura iska, iskar na tserewa a hanya kafin ta kai inji. A da, cikin shan kofin shayi zai ji inda take huci. Yanzu ya kwantar da kai har kumatunsa na taɓa ƙarfe, shiru. Ya shafa kumfar sabulu a duk inda hannu ke kaiwa, ko ƙwayar kumfa ɗaya ba ta taso ba.

Motar ta daɗe a gabansa, layi kuwa ya sa ido. Ran nan Alhaji ya zo dubawa, sai ga Pwajok, shugaban ƙungiya, mai gareji a tsallaken titi, ya tako yana goge hannu.

"Baba, kunne ya yi ritaya, kai ma ka bi shi mana," ya faɗa da ƙarfi don kowa ya ji. "Alhaji, turbon ya mutu. Turo ta wajena, kafin la'asar na cire maka wannan fitinar."

Rwang bai ji duka ba, amma ya ga haƙoran mutane. Alhaji ya sunkuyar da kai, ya ce 'ya'yansa ma sun dame shi. In aka sauko daga Juma'a ba labari, zai sa a tura ta tsallake. Kowa a layin ya san ma'anar wannan. Ranar da jar motar nan ta ƙetare titi, sunan Rwang ya ƙetare tare da ita, ya gama aikinsa a matsayin kurman tsohon da mota ta gagara.

Ranar Alhamis ya nufi Daɗin Kowa da makulli a aljihu. Gara ya miƙa da hannunsa da a zo a karɓa a gaban yara. Bai tarar da Alhaji ba, sai matarsa Hajiya Jummare a baranda tana turara kaya. Ta kifa kwando a kan kaskon turaren wuta, ta lulluɓe da zani. Suna cikin gaisawa sai wani siririn hayaƙi ya miƙe daga tsakiyar zanin, tsaye kamar zare.

"Kai, ashe zanin nan ya huje ban sani ba," in ji Hajiya.

Rwang ya ƙura wa zaren hayaƙin ido. Ya mayar da makulli aljihu.

"Hajiya, ara mini kaskon nan. Da turaren."

"Ikon Allah! Oga Rwang, zance za ka? Uwargidanka Maman Ana ta sani?"

"Ta san ta. Ja ce, ƙofarta biyu."

Washegari da safe ya samo gwangwanin fenti mai murfi, ya huda shi biyu. Ya zuba garwashi da turare a ciki, ya aje shi can nesa da mota, don shi ba mahaukaci ba ne da zai kawo wuta kusa da fetur. Ya ja dogon tiyo daga gwangwanin zuwa bakin turbo, ɗaya hujin ya haɗa da famfon keke. Inji a kashe, batir a cire. Alhaji na isowa cikin farar shaddarsa ta Juma'a, Rwang ya miƙa masa famfo.

"Buga."

"Ni?"

"Motar wa ce?"

Ƙamshi ya gauraye layin. Kanikawa suka bar aikinsu suka taru. "Baba ya koma boka!" Pwajok ya riƙe ciki yana cewa a kira fasto. Rwang bai ji ba, kuma a ranar kurumtar ta yi masa rana. Yana kwance a ƙasa, idonsa a sama. Alhaji na bugawa yana haki, har sai ga shi: zaren hayaƙi na fitowa daga cikin ƙaton tiyon roba, ta ƙasa, daidai inda ƙarfen ɗauri ya ci robar. Tsaga ce da ba ta buɗe baki sai iska ta matsa ta.

Rwang ya leƙo daga ƙarƙashin mota. "Pwajok! Kai mai kunne biyu, zo ka gwada idonka."

Pwajok ya durƙusa ya duba, ya tashi ya karkaɗe gwiwa, ya ce ai shi ma dama ya yi zargin haka.

Tiyo ɗaya aka canza. Bayan sallah Alhaji ya ɗauki Rwang suka gangara har gindin Hawan Kibo, suka juyo. Alhaji ya taka. Allura ta miƙe ta wuce rabi, kujera ta tura su ta baya, turbo ya saki siririn fiton nan da Rwang ya yi rayuwarsa yana bi. Ya ga bakin Alhaji har kunne. Ya ɗora tafin hannu a gaban motar, ya tambayi Alhaji:

"Tana fito?"

"Tana yi! Wallahi tana yi!"

"To ka saurara mini da kyau," in ji Rwang.

Na san a wasu ƙasashe akwai na'urar da ke wannan aikin hayaƙi. Ba a Gada Biyu take ba, kuma ba wanda ya kawo wa Rwang ita. Yau bi layin ka gani: kusan kowane gareji da gwangwanin fenti a rataye, har da na Pwajok. Sun sa masa suna "sabuwar fasaha". Waɗanda suka kira shi boka su ne ke hura garwashi, ba kunya, ba ko ambaton sunansa. Wannan ba mantuwa ba ce, butulci ne.

Kai ne, Baba Rwang, wanda bai yarda da "haka ake yi" ba sai ya ga dalili. Kai ne da kunne ya gudu ka ɗauki ido aiki, ba ka kuma ji girman kai ya hana ka koyo daga kwandon tsohuwa ba. Gwanin tiyo, maƙi yanke hukunci kafin bincike. Mun gode. Allah ya ƙara lafiya, ya sa ka ci hutunka cikin jikokinka.

Ku kuma masu sifana a hannu, kafin ku yanke wa abu hukuncin kisa, ku nemo inda yake yoyo. In kun rataya gwangwanin, ku faɗi na wane ne. In kuma kuna shakkar labarin nan, ku tsayar da jar motar Alhaji Ɗanbaba ku buɗe bonet. Turbon na nan inda yake, kuma har yau da ɗan ƙamshin turaren Hajiya.