Rijiyar da Yaya Ladi ta bari a buɗe

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata, Ladi, a hatsarin mota a hanyar Kwoi, tana tsakiyar digirinta na biyu. Har yau raina bai kwanta ba, bana kuwa abin ya fi damuna.

Bincikenta a kan ruwan Kafanchan ne, amma rabinsa a bakin rijiyar unguwarmu ta yi shi. Mu muna yi mata tsiya, wai an tura ta jami'a ta dawo tana leƙen rijiya. Ita kuwa yasar rijiyar ce ta ɗauke mata hankali. Kowace shekara kafin ruwan farko, unguwa kan fito gayya a kwashe laka. Matasan cocinmu su sauka, Alhaji Sule mai hatsi da 'ya'yansa su riƙe igiya, mata su dama kunu. Takan ce ranar da aka daina yasa tare, ba ruwa kaɗai za a rasa ba, domin wanda ya taɓa riƙe maka igiya da wuya ya ɗaga maka hannu. A rikicin da garin nan ya gani, layinmu ba a ƙona gida ko ɗaya ba.

To, Yaya, da za ki leƙo yau! Duk mai hali ya haƙa bohol a bayan katangarsa, ruwan ƙasa ya ja baya, marasa hali suna bin 'yan garuwa. An kwana biyu ba a yi yasa ba. Alhaji Sule ya tsufa, mai filin da rijiyar take ciki kuma ya ce in ba a yashe ta bana ba, zai rufe ta ya gina shago. Na bi gida-gida, kowa sai ya ce zai duba. Wallahi abin yana ci mini rai.

'Yar Ladi, Saratu, wadda na riƙe, ta samu gurbin karatu a waje, a fannin uwarta: ruwan birane da zaman mutane. Na yi murna, na kuma ji tsoro. Ba kabari ko hoto ne abin da Ladi ta bari ba, wannan yarinya ce da wannan taurin kan.

Ranar tafiyarta, a tasha, ta kama hannuna ta ce, "Kawu, kada ku bari a rufe ta kafin in dawo."

Na ce to. Gwiwata ɗaya ba ta lanƙwasuwa, amma na aika wa Alhaji Sule cewa ni zan sauka, ya nemo mini masu riƙe igiya.