Ranar da Tsattsewa Ta Shiga Shagon Genzo

Hayasaka Tomie ba ta taɓa son tsuntsaye ba, kuma ba ta ɓoye wa kowa ba. Shekara hamsin da ɗaya ta yi a shagon askin mijinta Genzo, a wani ɗan gari cikin duwatsun Yamagata. Shi yana aski, ita tana wanke kai, tana turara tawul, tana share gashi. Da Afrilu ya kama kuwa sai sharar ta ƙaru, domin tsattsewa na da sheƙa a saman ƙofar shagon daga ciki. Tomie ce ke rataye tsohuwar laima a ƙarƙashin sheƙar, bakinta sama, don kada kashin ya sauka a kan wanda aka gama yi wa gyaran fuska. Tana ratayewa tana mita.

Genzo kuwa babban amininsa a duniya mutum ne da bai taɓa gani ido da ido ba, wato Oribe Shunsaku, mai shirin namun daji na yammacin Lahadi a talabijin. Dattijo ne mai magana ƙasa-ƙasa, kamar yana tsoron tashin jariri, kuma da muryarsa kusan kowa ya girma. Wata shekara ya roƙi masu kallo su riƙa rubuto masa ranar da tsattsewa ta dawo garinsu, a ga ko tana ƙara saurin zuwa. Jama'a suka yi shekara biyu, uku, suka gaji. Genzo ya yi talatin da huɗu. Kati guda kawai duk shekara: rana, lokaci, yawan tsuntsaye. Da yake a ƙarshen Afrilu aka haifi Oribe, sai ya ƙara masa layin taya murna a ƙasa. Yana da ƙa'ida kuma: wadda ta sauka a wayar lantarki ba ta shiga lissafi, sai ranar da ta shigo shago.

Sau ɗaya tak aka ambaci Genzo a shirin. Oribe ya ce akwai wani mai aski a Yamagata da bai taɓa fashi ba. Genzo ya ajiye aska ya zauna a ƙasa, ya bar Unno mai awara da kumfa a rabin fuska. Har yau Unno na cewa gemun ɓangaren bai sake fitowa daidai ba.

A watan Nuwamba Genzo ya rasu. Tomie ta sauke ƙofar ƙarfe ta shagon, ta koma ɗakin baya da zama.

A Afrilun da ya biyo baya ne kuma Oribe zai cika tamanin da takwas, shekarar da ake sa wa tsoho 'yar shara ruwan ɗorawa a yi masa biki. Gidan talabijin ya ce kowa ya aiko da gaisuwa. Gidan waya ya ajiye akwati na musamman, 'yan makaranta suka yi ta zanen dila da zalɓe. Tomie ta sayo kati, ta ajiye a gaban hoton Genzo, kusa da turare.

Nan Kinue ta ga katin, yayar Genzo, mai shekara tamanin da uku, wadda ke zuwa duk Talata da kabejin tsami da kuma gyara. Ta tuna wa Tomie cewa gidan da ke cikin makoki ba ya aika taya murna sai shekara ta zagayo. Ko katin sabuwar shekara ba su aika ba, ta ce, balle na bikin mutumin da bai san da zamansu ba. Kai wa tsoho gaisuwar tsawon rai daga gidan mutuwa, ai rashin ta ido ne.

"Yaya, talatin da huɗu fa ya yi."

"To, ya yi nasa. Ke da kika ce da za ki samu dama da kin soye tsuntsayen nan?"

Tomie ba ta musa ba, don ta faɗa, ba sau ɗaya ba. Ta mayar da katin cikin aljihun tebur. Amma abin ya tsaya mata: a can Tokyo, a gidan talabijin, akwai wata takarda mai sunan garinsu, layi talatin da huɗu a jere, bana za a bar gurbi.

Unno ne ya ƙwanƙwasa mata taga wata safiya, ya kawo awara. Ya ce baƙinsu tsattsewa sun iso kwana huɗu ke nan, suna kan wayar lantarki, suna ta kai wa ƙofar ƙarfen bara.

"Sun zo aski sun tarar an kulle," in ji shi. "Ni dai ko rabi an yi min."

Ta ce masa bakinsa ya fi awararsa tsami. Da ya tafi, ta shiga shagon. Ƙura ta kwanta a kan kujerun biyu. Ƙofar ta yi nauyi, da ƙyar ta ɗaga ta zuwa ƙirji, ta tokare da tsintsiya. Ba ta gama neman laimar ba tsattsewa guda biyu suka wuce ta saman kanta.

Ranar Talata ta miƙa wa Kinue katin. Kinue ta sa tabarau ta karanta a bayyane: sha bakwai ga Afrilu, ƙarfe bakwai saura kwata na safe, guda biyu. Sun iso gari tun sha uku ga wata, ƙofa ce a rufe, laifin mai gida ne, kada a ɗora wa yanayi. Hayasaka Genzo ya rasu a Nuwamba. Daga bana matarsa ce za ta riƙa rubutowa.

Kinue ta juya bayan katin, ta sake juyowa. Ta nemi kalmar murna ko guda, babu.

"Wannan ai ba gaisuwa ba ce."

"Rahoto ne, Yaya."

Kinue ta ce rubutun ya karkace, kuma kan sarkin da aka manna ya faye ado ga gidan makoki. Ta buɗe jakarta ta ciro wani marar fure, ta manna a kai, ta ce gidan waya a kan hanyarta yake. Ta ƙara da cewa ba a akwatin biki za ta jefa shi ba, na kullum za ta sa.

Ran bikin aka nuna Oribe cikin 'yar shararsa ruwan ɗorawa, ya ƙanƙance, yana ta sunkuyar da kai. An ce katuna sun haura dubu ɗari. Aka karanta na yara, na wani mai kamun kifi, na wata da ta ce shi ya sa ta zama likitar dabbobi. Ba a karanta na Tomie ba, ita ma ba ta zauna jira ba. Talabijin ɗin shagon na ta yi, ita kuwa tana kan kujerar aski a tsaye, tana gyara wa laimar zama, tana gaya wa masu sheƙar cewa ba su da tarbiyya.