Ranar da Kokon Inna Ya Koma Kore

Duk wanda ya san Yaya Sabo ya san ba a miƙa masa ruwa ya sha kai tsaye. Sai ya ɗaga kofin ya ce, "Ɗan ina ne?" Aljihun rigarsa kuwa kullum cike da ƙananan kwalabe, yana tafe suna ƙara. Ni ce ƙanwarsa, ni na sha kunyar.

Ya yi karatun ruwan ƙarƙashin ƙasa. A cewarsa kowane ruwa yana da tambarin da na'ura ke karantawa, wai aisotof, mai faɗin inda ya fito da daɗewarsa a ƙasa. Wata rana a Ƙofa ya iske wani manomin rani yana tuttular da ruwan burtsatse.

"Kai! Ruwan nan ya girmi kakan kakanka. Ka gaishe shi?"

Mutumin ya ce, "Malam, lafiyarka kuwa?"

"Lafiyata ƙalau. Shi ne in ya tafi ba ya dawowa."

Ranar ɗaurin aurena a Tudun Wada, shi ne waliyyina, ana ta nemansa, ashe yana bakin rijiyar surukaina da guga!

Abin da ya hana shi barci shi ne rijiyar gidanmu a Riruwai, wadda Baba ya haƙa da hannunsa. Ciwon ƙoda ya ɗauke Baba, ya ɗauke yayarmu. Yaya ya ce ruwan wani tsohon ramin haƙar kuza ne ke tsiyayowa cikinta da dafinsa. Inna ta ce ƙarya na'ura take yi. Bai ja da ita ba. Ya je ya zuba wani koren rini marar cutarwa a ramin, ya dawo gida abinsa.

Ba a jima ba Inna ta dama koko, ya fito kore shar.

"Innalillahi! Sabo, me ka yi?"

"Aike na yi, Inna. Ga ɗan aiken ya iso."

Babu wanda ya yi dariya. Ya kawo siminti ya rufe rijiyar. Inna ta daɗe ba ta amsa gaisuwarsa, shi kuma kullum sai ya turo mata kurar ruwa daga nesa, ya durƙusa ya gaishe ta.

Amma shi ma ruwan ya sha tun yana goye. Da ƙafafunsa suka kumbura, ya kira ni.

"Larai, in na mutu ku fasa simintin, ku yi mini wanka da ruwan Baba. Ni dai ya gama da ni. Sai ku mayar ku rufe, kada yaro ya ɗanɗana."

Haka aka yi. Inna da kanta ta ja gugan, tana kuka, ita ce kuma ta aika a kira magini.

Wallahi ina kewarsa. Allah ya jiƙanka, Yaya, ya shayar da kai daga Alkausara, ruwan da ba sai ka tambayi ɗan ina ne ba.